Wai da gaske cin hanci Arsenal ta bayar ta shiga ajin manya a 1919?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Arsenal ne daga Zariya, kuma wallahi abin nan ya tsaya min a rai. Ranar Lahadi a gidan kallo wani abokina ɗan Chelsea ya nuna min bidiyo a wayarsa wai Arsenal ba da guminta ta hau ajin manya ba, kuɗi aka ba shugabannin lig a 1919, don haka duk kofunan da ta ci kafin Yaƙin Duniya na Biyu na sata ne. Ni kuma na rantse ba mu taɓa faɗuwa ba tun da aka kafa kulob ɗin. Sai da aka raba mu, yanzu ko gaisawa ba ma yi. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da kai, ka janye rantsuwar nan. Arsenal ta faɗi a 1913 lokacin tana Woolwich, ita ce ta ƙarshe a tebur, wasa 3 kacal ta ci duk kakar. A shekarar ce ma ta yi ƙaura zuwa Highbury, arewacin Landan, ta tare kusa da Tottenham. Abin da za ka iya bugun ƙirji da shi shine tun 1919 ba ta sake sauka ba.

To sai maganar abokinka, wadda kusan kullum sai an turo min ita kuma na gaji da ita. Ga yadda aka yi. Kakar 1914/15 ce ta ƙarshe kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da lig, Arsenal ta ƙare ta 5 a rukuni na biyu. Da aka dawo a 1919 sai aka ce za a faɗaɗa rukuni na ɗaya daga ƙungiyoyi 20 zuwa 22. Derby da Preston sun hau da ƙarfinsu, saura gurbi biyu, ga kuma Chelsea ta 19 da Tottenham ta 20 waɗanda bisa ƙa'ida su ne masu sauka. Chelsea an bar ta ba tare da ƙuri'a ba, kuma da dalili, domin ranar 2 ga Afrilu 1915 wasu 'yan wasan Manchester United da na Liverpool sun haɗa baki United ta ci 2 da nema saboda cacar da suka zuba, aka bincika aka tabbatar aka dakatar da mutum 7, kuma da maki ɗaya tak United ta fi Chelsea. Ka ga maguɗin da aka kama da hujja a wannan labarin ko kusa ba na Arsenal ba ne, amma masu yanka bidiyo ba sa faɗin wannan don ba zai kawo musu 'yan kallo ba.

Gurbin ƙarshe aka kaɗa wa ƙuri'a a watan Maris 1919, Arsenal ta samu 18, Tottenham 8, Barnsley 5, Wolves 4, sauran suka raba ragowar. An yi wa Tottenham adalci? Ni dai a ganina ba a yi ba, don a 1905 da aka yi irin wannan faɗaɗawar an bar na ƙasan tebur a wurinsu. Barnsley da Wolves ma sun fi Arsenal matsayi a rukuni na biyu. Shugaban Arsenal na lokacin, Sir Henry Norris, attajirin gine-gine ne, ya yi magajin garin Fulham, ɗan majalisa ne, mutum ne da ya iya kamun ƙafa kuma ya yi shi sosai, hujjarsa ita ce Arsenal ce ta farko daga kudancin Ingila da ta shiga lig tun 1893. Duk wannan gaskiya ne, ɗan Arsenal ya daure ya karɓa.

Amma kamun ƙafa daban, toshiyar baki daban. Sama da shekara ɗari kenan ba wanda ya fito da takarda ko shaida ko mutum ɗaya da ya ce an ba shi ko sisi ya jefa ƙuri'a. Kuma wurin da 'yan "an ce" suke yaudarar mutane shine su ce ai an kori Norris daga harkar ƙwallo har abada, eh an kore shi, hukumar FA ta bincike shi a 1927, ya kai ƙara kotu ya faɗi a 1929, amma a kan kuɗin kulob ne, har da fam 125 na motar ƙungiya da aka sayar. Ba ruwan hukuncin da ƙuri'ar 1919. Sai a ɗauko laifin da aka tabbatar a liƙa wa wanda ba a tabbatar ba, a sa kiɗa a ƙasa, yaro ya kalla a TikTok ya tafi gidan kallo yana neman faɗa. Wannan ƙazafi ne ko da a kan Bature ne da ya mutu tuntuni, kuma na ga inda irin wannan musun ya kai ga fasa kai da benci. A kan me? A kan abin da mai bidiyon kansa bai karanta ba.

Batun kofuna kuwa, in da gurbin ne ke kawo kofi ai da an gani da wuri. Shekara shida Arsenal na fama, a 1925 ta 20 ta ƙare, da ƙyar ta tsira daga 'yan dagaji. Abin da ya juya komai zuwan Herbert Chapman ne daga Huddersfield, inda ya riga ya ci lig sau biyu a jere. A shekarar aka sassauta dokar satar gida, ƙwallaye suka yi ta shiga raga, Newcastle ta zuba wa Arsenal 7 babu ko ɗaya, sai shi da kyaftin Charlie Buchan suka janyo ɗan tsakiya ya koma baya ya zama na uku a tsaro, tsarin da ake kira WM. Ya sayo David Jack da Alex James da Cliff Bastin. Duk da haka sai 1930 kofin farko ya zo, na FA, a kan tsohuwar ƙungiyarsa Huddersfield. Lig kuma 1931 da ƙwallo 127, sai 1933, 1934, 1935 a jere, sai 1938, ga wani kofin FA a 1936. Chapman bai ga ƙarshen aikinsa ba, ciwon huhu ya ɗauke shi a Janairun 1934 ana tsakiyar kaka, George Allison ne ya ɗora daga baya. A Nuwamban wannan shekarar Ingila ta doke Italiya mai riƙe da kofin duniya 3 da 2, 'yan Arsenal 7 ne a cikin 11 da suka buga. Wa aka ba kuɗi a nan?

Kai ka fara zuwa wurin abokin naka, ka ce masa ka yi kuskure a kan 1913, sannan ka tambaye shi ko ya san yadda Chelsea ɗinsa ta tsira a taron nan na 1919.