Amsa ga ƙanenmu na Tudun Wada da ke son zuwa waje binciken gini mai rage hayaƙin kabon

Assalamu alaikum ƙanenmu. Saƙonka ya iso mu. Ka ce ka gama digirin farko a fannin zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello, ka kammala bautar ƙasa, kana aiki da wani ofishin zane a Kaduna, kuma kana son digiri na biyu ko na uku a kan gidaje masu rage hayaƙin kabon da jure sauyin yanayi. Ka tambaya ina za ka dosa, kuma me za ka rubuta wa malamin da kake so ya duba aikinka.

Shawararmu ɗaya ce, sauran duk bayaninta ne: kada ka baro Kaduna hannu rabbana. Ka zo da awon zafin ɗakunan garinku, domin shi ne abin da malaman nan Turai ba su da shi, kuma shi zai hana bincikenka ya koma na gidajen wasu.

Dalili kuwa, yawancin ɗakunan bincike a Ingila da Jamus an kafa su ne a kan matsalar sanyi: yadda za a toshe gida kada ɗumi ya fita. Ma'aunin Passivhaus na Jamus, misali, ya ce kada ɗumama gida ya wuce kilowat-awa 15 a kan kowace murabba'in mita a shekara. Sai kwanan nan zafi ya fara damunsu da gaske. Dokar hana gidaje yin zafi fiye da kima ta fara aiki a Ingila a 2022, shekarar da ma'auni ya kai digiri 40.3 a watan Yuli. Idan ka zo babu tambayarka, za a ba ka tasu, ka shekara uku kana nazarin tsofaffin gidajen jan bulo, ka koma gida da ilimin da ba zai sanyaya ɗaki ko ɗaya a Rigasa ba.

Ka fara da raba kabon ɗin gida biyu. Akwai wanda ke cikin kayan gini tun kafin a tare, akwai wanda ake fitarwa bayan an tare. A na farko, siminti ne uban tafiya. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin digiri 1,450 don a samu kilinka, wato dunƙulen da ake niƙawa ya zama siminti, kuma fiye da rabin hayaƙin daga jikin dutsen yake fitowa idan ya gasu, don haka ko an canza makamashin ba a rabu da shi ba. Siminti kaɗai yana ɗauke da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin duniya. A nan ɗalibai ke yin kuskuren farko: su ɗauko alƙaluma daga ICE, kundin alƙaluman kabon na kayan gini da aka fara haɗawa a Jami'ar Bath, su liƙa wa bulon Kaduna. Yawancin simintin buhu a Najeriya nau'in CEM II ne, mai garwaye da garin farar ƙasa, sai ka karanta jikin buhun ka san wane ne. Sannan ka je wurin masu buga bulo ka ƙirga da idonka guda nawa suke fitarwa daga buhu ɗaya, domin abin da ke rubuce a littafi daban, abin da ake yi a bakin titi daban. Bulon da aka tsuke wa siminti yana fitowa da ƙaramin kabon a lissafi, amma yana marmashewa, a sake gini bayan 'yan shekaru. Dole ka haɗa awon kabon da awon ƙarfi.

Kashi na biyu ya fi rikitarwa a wurinmu. A Turai ana duba takardar kuɗin wuta a san abin da gida ke ci. A Kaduna takardar ba ta faɗin gaskiya, saboda wutar ba ta tsayawa. Gidan da bai ci wuta ba, mutanensa ne suka kwana cikin gumi. Don haka ka auna awa nawa a shekara ɗaki ke wuce zafin da mutum zai jure, ka kuma ƙirga man janareta: litar fetur tana fitar da kimanin kilo 2.3 na hayaƙin kabon, ta gas (dizal) kimanin 2.7.

Ga yadda awon yake. Ka nemi ƙananan na'urorin naɗar zafi da laima, irin su HOBO ko iButton ko Tinytag, guda 8 zuwa 10 sun isa farawa. Kafin ka raba su, ka zuba su duka cikin akwati guda na kwana biyu ka ga ko bakinsu ɗaya. Wadda ta kauce da fiye da rabin digiri, ka rubuta gyaranta ko ka ajiye ta. Ka saita su suna naɗa duk minti 10 ko 15. A cikin ɗaki ka rataye ta a tsayin mita 1.1, nesa da bango da taga da fitila. Wadda aka manna a jikin bango zafin bangon take ba ka. Ta waje kuma tilas ta zauna cikin kariya mai barin iska ta ratsa, in ba haka ba rana za ta dafa ta, ta ƙara maka digiri da yawa na ƙarya. A ƙarƙashin kwano, abin da ke gasa mutum ba iskar ɗakin kaɗai ba ce, har da hucin da ke saukowa daga rufi, sai ka sa ma'auni ɗaya cikin ƙwallon tebur mai milimita 40 da aka shafa wa baƙin fenti don ya kama wannan hucin. Ka zaɓi gidaje iri uku aƙalla: na bulo da kwano babu silin, na bulo da silin, da na ƙasa, in da hali har da soro a cikin birnin Zariya. Ka bar su shekara guda cur, su ga hunturu, su ga bazarar Maris da Afrilu, su ga marka ta Agusta. Ka riƙa sauke bayanan duk wata, don batir na mutuwa, yara kuma na ɗauka. Ka karɓi izinin masu gida a rubuce. Jami'ar da za ta ɗauke ka za ta iya ƙin lissafa tambayoyin da ka yi wa mutane kafin kwamitinta na ɗa'a ya amince, don haka ka kira wannan aiki gwajin share fage.

Kaduna wuri ne mai daɗin bincike saboda tana tsakani. Da rani tana kama da Kano: rana zafi, dare sanyi, katanga mai kauri tana aiki, domin ginin ƙasa na santimita 30 yana jinkirta zafin rana kimanin awa 8 zuwa 10. Amma wannan jinkirin ne ke sa soro ya amayo zafi da dare a bazara, mutane su fito tsakar gida da tabarma. Da damina laima na hawa, sai iska mai ratsa ɗaki ta fi kauri amfani. Gida ɗaya ne zai yi duka biyun. Wannan tambaya ce da ta isa digiri na uku.

Akwai kuma abin da littattafan Turai za su ɓatar da kai a kansa. Kaduna tana kan layin digiri 10 da rabi arewa, don haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa da tsaka. Bangon arewa ma yana bukatar inuwa. Na yamma kuwa shi ne babban abokin gaba, a rage masa taga. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine ta Najeriya ta 2017 ta sa iyakar taga kashi 20 cikin ɗari na bango sai in an yi mata inuwa, ta kuma bukaci a sa wa rufi kariyar zafi. Ka karanta ta, ka tambayi kanka gida nawa ka taɓa gani an bi ta. A rufin ma, takardar gorar ruwa mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano ba ta aiki sai an bar mata sarari na iska kamar milimita 25. Kafinta ya danne ta da kwano, kuɗin ya tafi a banza. Farin fenti yana rage zafi sosai, ƙurar hunturu tana dusashe shi, kuma nawa take ragewa a shekara abu ne da za ka iya aunawa da kuɗi kaɗan.

Idan zuciyarka ta fi karkata ga kayan gini, hanyoyi biyu ne masu kyau. Ta farko tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji, a sa masa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Inda yake lalacewa sananne ne: ƙasa mai yumɓu da yawa tana tsagewa, wanda aka shanya a rana tun ranar farko maimakon a lulluɓe shi da leda yana jiƙe na sati biyu ba ya yin ƙarfi, wanda aka ɗora kai tsaye a ƙasa babu tushen dutse ko kankare yana shan ruwa daga gindi. A garin da damina ke kai wata shida, kuma Kogin Kaduna ke shiga gidaje a Kigo Road, gwajin ƙarfin tubali yana jiƙe ya fi na busasshe muhimmanci. Cibiyar CRAterre da ke Grenoble a Faransa ta daɗe a wannan fanni, tun 1979. Ka duba masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a Nijar da mai zanen gini Mariam Issoufou ta zana da abokiyar aikinta, da makarantar Gando ta Francis Kéré a Burkina Faso mai rufi biyu. Kada ka raina makuba da katsi da maginanmu ke yaɓe da su. Sun cancanci a gwada su da ruwa a ɗakin gwaji kamar kowane sinadari. Hanya ta biyu simintin LC3 da jami'ar EPFL a Suwizalan ta jagoranta: kilinka kashi 50, gasasshen yumɓu 30, farar ƙasa 15, jifsam 5. Yumɓun a digiri 800 ake gasa shi, kuma simintin yana rage hayaƙi har kusan kashi 40 idan aka kwatanta da wanda aka saba. Ƙanƙara a Katsina tana da farin yumɓu irin wanda ake bukata. Sai dai ka sani shigar da samfurin ƙasa cikin Birtaniya sai da lasisi, gara ka shirya yin wasu gwaje-gwajen a Zariya.

Kafin ka rubuta wa kowa, ka koyi EnergyPlus, manhajar kwamfuta mai kwaikwayon zafi da makamashin gini, kyauta ce. Ka gina ɗaki ɗaya daga cikin waɗanda ka auna a cikinta, ka daidaita shi har sakamakon kwamfuta ya kusanci na na'urarka. Ka duba daga wace tasha fayil ɗin yanayinka ya fito, ka gwada shi da bayanan NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, domin ɗaukar na Kano ko Abuja a ce na Kaduna ne yana rusa aikin tun daga tushe. Ma'aunin jin daɗin ɗaki na Amurka, ASHRAE 55, ga gidajen da ba su da na'urar sanyaya ɗaki yana tsayawa idan matsakaicin zafin waje ya wuce digiri 33.5, kuma yanayin 2050 a arewa na iya kaiwa wannan iyaka. Ka ambaci wannan a wasiƙarka, malami zai san ka yi karatu.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya: tambayarka a jimla biyu, jadawali ɗaya na awonka, da takardar malamin guda da ka karanta da inda ta haɗu da naka. A jami'o'in Birtaniya, ka duba UCL da Loughborough da Cardiff don zafin ɗaki, Bath don kayan gini. Kuɗi kuwa, akwai hukumar tallafin karatu ta Commonwealth, wadda ke da tsarin da za ka yi rajistar digiri na uku a gida ka zo Birtaniya shekara ɗaya kawai, kuma ga irin aikinka wannan ya fi dacewa. Akwai DAAD ta Jamus. Chevening ta Birtaniya ta digiri na biyu ce kuma tana neman shekara biyu ta aiki. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya zuwa Birtaniya da iyali, mai digirin bincike yana iya zuwa, sai ku yi shawara da uwargida tun yanzu. Ka turo mana jadawalin watanni ukun farko idan ka sauke, mu duba tare. A gaida mutanen gida.