Amsa: Da me za a fara gyaran filin unguwa?

Malam, ka tambaya ko da kujeru za ku fara gyaran filin shaƙatawar unguwarku. A ganina inuwa da ruwa ne farko. A watan Afrilu zafin Maraɗi yakan wuce digiri 40, wa zai zauna kan siminti da azahar? Ku dasa bedi, wato itacen dogon yaro, a Yuli in damina ta zauna, ku kewaye kowane dashe da ƙaya. Mu a Zariya ba mu kewaye ba, awaki suka gwaguye su cikin mako guda, wallahi har yau abin yana min ciwo. Sai famfo da mai ban ruwa da rani. Kuma ku nemi takardar filin a ma'aikatar magajin gari tun yanzu, gari na cika, kada a yanka shi a sayar.