Amsa kan kwalin kayan rini da ake talla a intanet

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin ga tallan kwalin kayan rini a Instagram, wai komai na ciki, kina so ki saya wa yara su rage zaman banza a dogon hutu, shi ne kike tambaya ko akwai wadda ta taɓa gwadawa. Ni na gwada bara, har yau in na tuna sai na ja tsaki.

A hoto kala biyar ne cikin 'yan kwalabe, ga safar hannu, ga farin yadi, ga takardar bayani. Da yaro ya karɓo min saƙon a tasha na zazzage, sai ga ƙulle-ƙulle a leda kamar na mai sayar da yaji, ko ɗaya ba a rubuta sunansa ba. Wanne ne kostik, wanne ne haidros, wato sinadaran da ke narkar da rinin? Oho, duka farare ne. Kostik kuwa yana cin fata, in ya fantsama a ido sai asibiti, amma a haka aka ce kayan yara ne. Safar hannun ma ƙafa ɗaya ce.

Na dai daure na haɗa. Irin wannan rinin ba ya narkewa sai an haɗa shi da kostik da haidros a ruwan zafi, shi kuma haidros ɗin da zarar ya sha iska ko danshi ya mutu. Wanda nake zaton shi ne haidros ɗin ya zo a dunƙule kamar kanwa. In rinin shuɗi ya yi daidai, yadin kore-kore yake fitowa daga ruwa, sai ya sha iska ki ga yana juyewa shuɗi a gaban idonki. Abin da na yi wa yaran alkawarin gani ke nan. Muka tsoma, muka jira, muka ɗauraye, kalar ta bi ruwa ta tafi, yadin ya koma kamar tsumman goge-goge. Autata ta ce, "Umma, shi ke nan?" Wallahi wannan ya fi asarar kuɗin ciwo.

Daga baya wata maƙwabciyata mai sana'ar rini ta zare zare ɗaya daga yadin ta kunna masa ashana. Ya narke ya dunƙule yana warin roba. Auduga ce ke kama wannan rinin, ita kuma in ta ƙone warin takarda take yi ta bar toka. Ashe ko da haidros ɗin na da rai, yadin ba zai taɓa kamawa ba.

Sai mai kayan. Kafin in tura kuɗi, "ranki ya daɗe Hajiya" ne, amsa cikin minti ɗaya. Da na aika hoton abin da ya faru, sai a karanta a yi shiru. Rana ta uku aka ce ni ce ban iya haɗawa ba. Na ce to a ba ni ma'auni, aka turo min bidiyon wata daban. Na nemi kuɗina, aka ce kaya in sun fita ba sa dawowa, washegari aka toshe lambata. Wannan magana tasu ba doka ba ce: dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar mayar da kayan da suka saɓa wa yadda aka tallata su. Ni dai ban bi ba, na ga wahalar ta fi kuɗin, amma na yi nadamar goge hirar cikin fushi, don ita da rasit ɗin banki su ne hujja.

In a Kano kike, ki je wajen masu kemikal a Sabon Gari a auna miki kina kallo, ki sa a rubuta sunan kowanne. Tunda yara ne, ki nemi rinin ruwan sanyi da ake haɗawa da wani farin garin sinadari mai suna soda ash, ya fi sauƙin haɗari, kodayake shi ma da safar hannu. Farin yadin auduga kuma a Kwari, ki wanke sitacin tas kafin ki tsoma. Nawa yaran daga ƙarshe marinar Ƙofar Mata na kai su, suka tsaya bakin rami suka ga yadi na juyewa shuɗi da baba da toka, muka dawo da ɗankwali biyu.