Kafin ka taɓa ajasta

Jiya da yamma ka tambaye ni, "Oga, direban DAF ɗin nan ya ce a matse masa ajasta kawai ya samu ya wuce 'yan Rod Sefti da VIO, me ya sa ka ce sai an kwance taya?" Lokacin hannuna na cikin giris, shi ya sa ban tanka ba. To zauna ka ji, yaro.

Motar nan siminti za ta ɗauko daga Ashaka, buhu 600, ta biyo Bajoga ta shigo Gombe. Ka kuma san garin nan a kwari yake. Ajastar kuwa ita ce ke daidaita tazarar birki. Shi direba jami'an kan hanya yake tsoro, ni kuwa gangara nake ji masa.

Birkin tirela iska ce, saboda haka da ita ake farawa. Sa waji ka tokare taya tukuna. Ta da inji, bari kwamfaresa ta cika tukunyar iska har ka ji ta yi atishawa. Kashe inji, saki birkin hannu, taka birki ka riƙe minti ɗaya, idonka a kan geji. A ƙa'idar Amurka, inda ake ƙera Mack, kai da tirela a haɗe kada allura ta sauka fiye da psi 4 (ma'aunin ƙarfin iska) a wannan mintin. In ta zarce, iska na gudu. Dama ruwan omo ka bi tiyo da mahaɗa kana shafawa, inda ya yi kumfa nan ɓarawon yake. Kada ka manta da robobin bakin tiyo ja da rawaya da ke haɗa kai da tirela. Abin da bai kai kuɗin shayi ba, amma shi ke kwanar da mota a hanya. Sai ka yi ta taka birki kana saki har iska ta ragu. Dole jar fitila ko ƙara ta tashi kafin allura ta faɗi ƙasa da psi 60. Wasu direbobin cire wayar suke yi wai tana damunsu. Mayar da ita.

Ja zoben da ke ƙasan tukunya. Ruwa kaɗan ba komai, musamman da damina, amma kullum ake zubar da shi. In baƙin mai ya biyo, kwamfaresa ce ta fara gajiya.

Yanzu ajastar da kake ɗoki. Ɗauki alli ka yi alama a sandar da ke fitowa daga bosta, wato gwangwanin da iska ke shiga ta tura birki, a taka birki, ka auna nisan da ta fito. A bosta mai lamba 30 ta gama-gari, inci 2 ne iyaka. In ajastar hannu ce, gyara ta. In mai matse kanta ce ka ga ta wuce iyaka, ta lalace ne ko wani abu ya ci a ciki. Ko ka matse ta, kafin ya kai Bajoga ta koma gidan jiya.

Me ya sa na ce a kwance taya? Da na leƙa ƙarƙashi na ga jiƙon mai a bayan gangar birki ta hagu. Sil ɗin da ke tare mai ya fashe, mai ya shiga shu, wato abin da ke kama ganga. Shu ɗin da ya sha mai ba ya kamawa, ko ka wanke shi da fetur, zafi na taɓa shi zai sake tsatso da man. Canzawa ake yi, hagu da dama tare, in ba haka ba mota ta riƙa fizga gefe guda. Haka in kaurinsa bai kai kwatan inci ba. Kuma a gatarin baya, ba ka lura ba, an naɗe tiyo ɗaya an ɗaure da waya. Wani ne ya toshe yoyo a hanya aka manta. Wannan tayar rakiya kawai take yi.

Abu ɗaya na hana ka ko ba na nan: kada ka buɗe bayan bosta, inda sifirin birkin hannu yake. Ƙarfinsa ya isa ya kashe mutum. In ta mutu, sabuwa ake sawa.

Je ka ɗauko jak da alli. In direban ya dawo, ce masa motar nan za ta kwana, in da magana ya same ni bayan la'asar.