Kwata-bak ɗin da zai ba da kunya a NFL

Ɗan'uwa kana tambaya ta yaya za a gane tun kafin diraf (zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi kowace shekara) wane ɗan wasan jami'a ne zai ba da kunya in ya shiga NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Ni dai amsata, ka ƙirga wasa nawa aka fara da shi a jami'a, musamman kwata-bak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar kai hari. In kaka ɗaya tak ya buga kuma ana ta zuzuta shi saboda ƙarfin jifa, to ka yi kaffa-kaffa da shi.

Na ga yadda ta kaya da kwata-bak Mitch Trubisky, wasa 13 kacal ya fara a jami'ar North Carolina amma ƙungiyar Chicago Bears suka ɗauke shi na 2 a 2017, Patrick Mahomes, wanda daga baya ya fi shi shahara, na zaune sai na 10 aka kira shi. Trey Lance ma haka, ƙungiyar San Francisco 49ers suka ɗauke shi na 3 a 2021, wasa 4 kawai ya fara musu suka tura shi ƙungiyar Dallas, wallahi abin ya min ciwo. A jami'a mai cafke ƙwallo yana tsaye shi kaɗai a fili, a NFL kuwa kafin ka ƙirga uku wani ƙato ya rufto maka, yaron da bai saba karanta tsaron baya ba sai ya jefa wa abokin hamayya a hannu.