Tambaya da Amsa: Yadda magoya bayan Wimbledon suka sake gina ƙungiyarsu daga mataki na tara

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan ƙungiya ɗaya ta ƙananan rukunonin Ingila, wato AFC Wimbledon. Mun zaɓi guda biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina ganin AFC Wimbledon da MK Dons a jadawalin ƙananan rukunoni, an ce mini tushensu ɗaya. To wacce ce a cikinsu ta doke Liverpool a wasan ƙarshe na Kofin FA?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wadda ta doke Liverpool da ci ɗaya mai ban haushi a Wembley a 1988 sunanta Wimbledon FC, kuma yau babu ƙungiya mai wannan suna. Lawrie Sanchez ne ya ci ƙwallon da ka, mai tsaron raga Dave Beasant kuma ya tare fanaretin John Aldridge. John Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi ke jan ragamar gaba a ranar.

An kafa ƙungiyar a 1889 a kudu maso yammacin Landan, ta kuma shafe kusan shekara 90 tana wasa a wajen manyan rukunoni huɗu. A wancan zamanin, cin kofi ba ya shigar da ƙaramar ƙungiya cikinsu kai tsaye, sai an kaɗa mata ƙuri'a. Wimbledon ta lashe gasar Southern League sau uku a jere, sannan a 1977 aka zaɓe ta ta maye gurbin Workington a rukuni na huɗu. Zuwa 1986 tana rukuni na ɗaya.

Rushewarta daga fili ta faro. Bayan turmutsutsun da ya halaka 'yan kallo a filin Hillsborough a 1989, rahoton binciken alƙali Taylor ya sa aka wajabta wa manyan ƙungiyoyi su mayar da filayensu na zama zalla, babu tsayuwa. Tsohon filinta na Plough Lane ƙarami ne kuma ya tsufa, sai a 1991 aka kwashe ta zuwa Selhurst Park, gidan Crystal Palace, da cewa zaman ɗan lokaci ne. Zaman hayar ya kai shekara 12. Ƙungiyar da ba ta da filin kanta ba ta da abin jinginarwa a banki, kuɗin da ake samu a ranar wasa ba nata ba ne ita kaɗai, yaran unguwa kuma suna tashi ba su san ta a ƙofar gidansu ba. A 1997 Sam Hammam ya sayar da kaso mafi tsoka ga wasu attajirai biyu 'yan Norway, a 2000 ta faɗi daga Firimiya, kuɗin talabijin ya tsinke.

Daga nan masu ita suka nemi izinin mayar da ita Milton Keynes, gari mai nisan kusan kilomita 90. Hukumar Football League, mai kula da rukuni na biyu zuwa na huɗu, ta ƙi. Aka kai maganar gaban kwamitin mutum uku da hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta naɗa, a ranar 28 ga Mayun 2002 biyu suka amince, ɗaya ya ƙi. Cikin 'yan kwanaki magoya baya suka kafa AFC Wimbledon. Tsohuwar ta koma Milton Keynes a Satumban 2003, a 2004 ta sauya suna zuwa MK Dons.

A takarda, MK Dons ce ta gaji kamfanin da gurbinsa a gasa. Amma a 2007 ta mayar wa ƙaramar hukumar Merton, inda unguwar Wimbledon take, kofuna da kayan tarihin tsohuwar ƙungiya, ta kuma amince tarihinta ya fara daga 2004. A ganinmu wannan ya raba gardama. Mutanen da suka cika Wembley a 1988, su da 'ya'yansu, AFC Wimbledon suke bi.

Tambaya: Ana cewa sun fara daga mataki na tara. Don Allah a ƙirga mana matakan, da yadda ake hawa daga wannan zuwa wancan.

Amsa: Firimiya ce mataki na ɗaya, da ƙungiyoyi 20. Sai Championship, League One da League Two, kowanne da 24. Na biyar shi ne National League, wanda a da ake kira Conference, shi ma 24. Daga na shida gasar ke rabuwa bisa yanki, Arewa da Kudu, kuma duk ƙasan da aka yi sai rassa su ƙaru, don kada ƙungiyar da 'yan wasanta ke zuwa aiki da safe ta riƙa tafiyar awa biyar a daren Talata.

AFC Wimbledon ta nemi shiga gasar Isthmian, wadda ke sama da mataki na tara, ba ta samu isassun ƙuri'u ba, sai ta faɗa Combined Counties League, wato mataki na tara. Ranar 29 ga Yunin 2002 aka yi gwajin 'yan wasa a filin shaƙatawa na Wimbledon Common, kowa ya zo da takalmansa, mutum 230 suka gwada sa'a, koci Terry Eames ya tsamo tawagar farko a cikinsu. Wasan sada zumunci na farko, a gidan Sutton United, an lallasa su 4-0 a gaban mutum sama da 4,600. Wannan adadi ya fi sakamakon muhimmanci, domin a matakin da suka shiga mutum ɗari ɗaya ma taro ne.

Kakar farko sun ƙare a na uku, ba su hau ba. A ta biyu suka lashe gasar ba a doke su ko sau ɗaya ba, a 2005 suka ƙara lashe rukuni na takwas. Tsakanin Fabrairun 2003 da Disambar 2004 sun buga wasan lig 78 a jere ba a doke su ba. A mataki na bakwai ne aka taka musu burki: kaka uku suka yi a can, sau biyu ana fitar da su a wasan cike gurbi, wato karawar da ƙungiyoyin da ke bin zakara suke yi don samun gurbin hawa da ya rage, sai a 2008, ƙarƙashin Terry Brown, suka doke Staines Town 2-1 suka wuce. A 2009 suka lashe Conference South, wato mataki na shida. A Mayun 2011 suka haɗu da Luton Town a Manchester a wasan ƙarshe na cike gurbin hawa League Two, aka tashi babu ci har bayan ƙarin lokaci, suka yi nasara 4-3 a bugun fanareti, kyaftin Danny Kedwell ya buga na ƙarshe. Hawa biyar cikin shekara tara ke nan.

Ƙofar mataki na biyar ita ce mafi ƙunci a duk tsarin. Ƙungiya biyu kacal ke hawa: zakara kai tsaye, ɗaya kuma ta wasan cike gurbi. A League Two huɗu ke hawa, uku na farko kai tsaye, na huɗu zuwa na bakwai su yi cike gurbi. Ta wannan hanya Wimbledon ta haura League One a 2016, ta doke Plymouth Argyle 2-0 a Wembley, Lyle Taylor da Adebayo Akinfenwa suka ci. Ta faɗo a 2022, ta sake hawa a 2025 bayan ta doke Walsall 1-0.

Maki kaɗai ba sa hawar da ƙungiya. Kowane mataki yana da sharuɗɗan fili: yawan mutanen da zai ɗauka, kujeru masu rumfa, hasken fitilun dare, ƙofofin shiga, ɗakin sauya kaya na alƙalan wasa. Wadda ta ci kofi filinta bai cika sharaɗi ba za a iya hana ta hawa. Manyan rukunoni huɗu kuma ba sa karɓar ciyawar roba. Harrogate Town a 2020 da Sutton United a 2021 sai da suka tumɓuke tasu suka shuka ta gaske, suka rasa kuɗin hayar da filin ke kawo musu kullum.

Tambaya: Na ji an taɓa ƙwace musu maki 18 a kan ɗan wasa ɗaya. Me ya yi haka da zafi?

Amsa: Ɗan wasan bai yi komai ba, takarda ce ba a cika daidai ba. A kakar 2006/07 suka ɗauki Jermaine Darlington, wanda ƙungiyarsa ta baya ita ce Cardiff City. Cardiff tana buga gasar Ingila, amma rajistarta tana hannun hukumar ƙwallon Wales. Saboda haka a doka ɗan wasan daga wata ƙasa ya fito, sai an nemo masa takardar izinin sauya sheƙa ta ƙasa da ƙasa kafin ya taka leda. Ba a nema ba.

Hukuncin irin wannan laifi shi ne a cire duk makin da aka samu a wasannin da ɗan wasan ya buga, shi ya sa lissafin ya kai 18, aka kuma kore su daga gasar FA Trophy, kofin ƙungiyoyin da ke ƙasa da manyan rukunoni huɗu. Bayan ɗaukaka ƙara aka rage shi zuwa maki uku.

Sakataren ƙaramar ƙungiya ya riƙe wannan da kyau. Kafin a sa sabon ɗan wasa a takardar wasa, a duba wace hukuma ce ta riƙe rajistarsa ta ƙarshe, ko da ƙungiyar tasa a gasa ɗaya take da taku. A tabbatar ba shi da dakatarwar da ya taho da ita daga baya. Idan aro ne, a duba ranar da yarjejeniyar za ta ƙare. Kuma kada a dogara da cewa an aika fam ɗin rajista, a jira tabbacin hukumar gasa a rubuce. A ƙananan matakai masu aikin sa-kai ne ke riƙe da wannan aiki bayan sun tashi daga nasu, nan ne kuskure ke shigowa.

Tambaya: Malam, da gaske ne magoya baya ne suka mallake ta? To wa ke biyan albashi idan kuɗi ya ƙare, tunda babu attajiri?

Amsa: Da gaske ne. Ƙungiyar magoya baya mai suna Dons Trust ce ke riƙe da rinjaye. Mutum yana biyan kuɗin zama mamba na shekara, ya sami ƙuri'a ɗaya, ko talaka ne ko mai kuɗi. Mambobi ke zaɓen hukumar gudanarwa, ita kuma ta sa ido a kan ma'aikatan da ke tafiyar da harkokin yau da kullum. An tsara tun farko cewa ta riƙe aƙalla kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un kamfanin, manyan abubuwa kuma irin sayar da fili, sauya suna ko barin unguwa ba sa yiwuwa sai da gagarumin rinjayen mambobi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Albashi daga tikiti yake fitowa, musamman na kaka guda da ake saya tun kafin a fara wasa, da tallace-tallace, da kason kuɗin talabijin, da sayar da matasan da makarantar ƙungiyar ta raina. Kamfanin Sports Interactive, mai wasan kwamfuta na Football Manager, ya fara tallafa musu ta hanyar talla tun 2002.

Tsarin yana da tsadarsa, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Yawancin ƙungiyoyin League One da League Two asara suke yi kowace shekara, mai ƙungiya ya cike giɓin daga aljihunsa. Wimbledon ba ta da wannan aljihu, don haka sau da yawa kasafin albashinta yana cikin na ƙasa-ƙasa, kuma ɗan wasan da ya fara haskawa ba ya daɗewa. Shekara shida da ta yi a League One tun daga 2016 kusan duk a fafutukar kauce wa faɗuwa ta yi su.

Sai dai a dubi ɗaya ɓangaren. Ƙungiyar da ta kasa biyan bashi har aka naɗa mata masu kula da kadara, maki 12 ake cire mata nan take. Bury, wadda ta taɓa cin Kofin FA sau biyu, an kore ta daga gasar gaba ɗaya a 2019 saboda matsalar kuɗi da ta mallaka. Macclesfield Town kotu ta rushe ta a 2020. Mu dai mun fi yarda da ƙungiyar da ke tafiya a hankali da abin da take samu.

Tambaya: Filin da suke wasa yanzu shi ne tsohon Plough Lane?

Amsa: A'a, tsohon an rushe shi an gina gidaje a wurin. Sabon yana kan titi ɗaya, 'yan mitoci ɗari daga tsohon, a inda filin tseren karnuka yake a da.

Daga 2002 zuwa 2020 a Kingsmeadow suka zauna, a unguwar Kingston. Sun fara da haya, a 2003 suka sayi haƙƙin filin ta hanyar sayar wa magoya baya hannun jari, domin sun ga abin da zaman haya ya yi wa tsohuwar ƙungiya. Daga baya suka sayar wa Chelsea shi, kuɗin ya shiga ginin sabon gida. A ƙarshen 2019, gini na tsaka da tafiya, aka gano giɓin kusan fam miliyan 11. Shawara ta taso a sayar wa 'yan kasuwa da iko. Magoya baya suka ƙi, suka fito da takardar lamuni ta Plough Lane Bond, inda mutum ke ba ƙungiya rancen kuɗinsa na wasu shekaru a kan ribar da ya zaɓa, aka tara sama da fam miliyan biyar. Aka cike sauran da bashi da kuma sayar da ƙaramin kaso wanda bai taɓa rinjayen Dons Trust ba. Wannan rance ne da za a biya, kuma yana cin wani ɓangare na kuɗin da ya kamata ya tafi ga 'yan wasa.

An buɗe filin ranar 3 ga Nuwamban 2020 da wasan da aka tashi 2-2 da Doncaster Rovers, babu ɗan kallo ko ɗaya saboda annobar korona. Yana ɗaukar mutum kusan 9,200, an kuma tsara shi yadda za a iya faɗaɗa shi zuwa 20,000. Rauninsa shi ne kusancinsa da kogin Wandle. A Satumban 2024 ambaliya ta shiga, wani sashe na filin wasan ya rufta, aka ɗage wasanni, karawarsu da Newcastle a Kofin Carabao kuma aka mayar da ita St James' Park, gidan Newcastle.