Tambaya da Amsa: Wace na'urar GPS ta dace da doguwar tafiya a keke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tawa, kuma mu da abokaina mukan tuƙa keke zuwa Birnin Ƙonni, mu kwana, washegari mu dawo. Ina son sayen ƴar na'urar GPS da ake ɗaurawa a kan keke, amma ire-irenta sun yi yawa. Me zan duba? Ko kuwa salula ta ishe ni?
Daga wani mai karatu, Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da batiri, sauran duk a baya suke. Tawa zuwa Ƙonni wajen kilomita 130 ne. In kana yin 18 a awa, awa bakwai ke nan da ɗoriya a kan sirdi, in aka haɗa da hutu da salla ta kai tara ko goma. Zuwa da dawowa awa ashirin, kuma ba ka da tabbacin samun wuta inda ka kwana. Kamfanin Garmin ya rubuta awa 20 ga Edge 530, awa 26 ga Edge 540, awa 35 ga Edge 1040. Wahoo Bolt ta biyu awa 15 ce, Coros Dura kuwa har 120. Lissafin sabon batiri ne wannan. Shawararmu ka cire kashi ɗaya cikin uku, musamman in na'urar ta hannu ce, ka ga ko abin da ya rage zai kai ka.

Zafi ne ke cinye batiri a ƙasarmu. Waɗannan na'urori suna jure aiki a rana, amma caji ba ya son zafin da ya wuce digiri 45, kuma a watan Afrilu da Mayu baƙar roba da ke kan keke tana zarce haka tun kafin azahar. Kada ka jona mata fawabank kana tafe tsakar rana. Bari sai ka sauka a inuwa, ta huce, sannan ka sa. Fawabank mai 10,000 mAh zai cika ta sau da yawa. Ka duba bakin cajin ma: 530 tsohon ƙaramin baki gare ta, 540 kuwa USB-C, irin na salulolin yanzu.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne taswira. Yawancin Garmin da ke shigowa daga Faransa taswirar Turai ce a cikinsu. Za ka kunna a Badagishiri ka ga ɗigo a kan farin fili, ba hanya ba gari. Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya kunna ta a waje, ta kama tauraron ɗan'adam, ka ga titunan Tawa da idonka. In babu, ana iya zuba mata taswirar OpenStreetMap, wadda ake samu a intanet, ta kwamfuta. Ita Wahoo ana sauke mata taswirar Nijar kyauta ta manhajarta. Manyan hanyoyi suna ciki, amma hanyoyin amalanke na ƙauyukan Adar ba duka ba. Saboda haka zana hanyarka tun a gida da manhajar Komoot ko Ride with GPS, ka tura wa na'urar fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da layin hanyar, ka kuma tambayi mutanen gari a mararraba.

Kada ka kashe kuɗi don kama tauraro ta zango biyu, wato karɓar sigina iri biyu a lokaci ɗaya don ƙara daidaito. Amfaninsa a kurmi ne da tsakanin dogayen benaye. A sararinmu GPS zalla ya isa, kuma ya fi barin batiri. Na'ura mai maɓallai ta fi mai allon shafawa, don gumi da ƙura suna rikita gilashi. Alamar IPX7 da ake rubuta wa na'urorin ta jure ruwa ce kawai, ba ta ce komi ba kan ƙura. A hunturu ƙaramar kafar da ke auna tudu da gangare takan toshe, lissafin hawa ya ɓaci. Ɗauraye ta da ruwa mai tsabta bayan ka rufe bakin caji, kada ka tsokane ta da allura.

Auna kaurin ƙarfen kan kekenka kafin ka sayi mariƙi: na tsere yawanci milimita 31.8 ne, kekunan gari 25.4 ko 22.2, sai an sa roba a cike. A hanyar jar ƙasa mai gargada ƴan kunnuwan da ke bayan na'urar ne ke karyewa, don haka ɗaura igiyarta a ƙarfen kullum.

Batun salula: tana iya aikin, GPS ba ya buƙatar rezo in ka sauke taswira tun da wuri. Sai dai allonta a kunne cikin rana yana sa ta zafi har ta dushe ko ta mutu, girgiza kuma tana lalata kyamara. Ga shi ita ce za ka kira da ita in taya ta fashe tsakanin Tsarnawa da Badagishiri. Bar ta a jaka da cajinta. In kuɗi ya gaza, ƙaramar na'urar iGPSPORT ko Bryton mai allo baƙi da fari, wadda ke bin layin GPX ko da ba taswira, za ta kai ka Ƙonni ta dawo da kai. Ka dai tabbatar samfurin da ka ɗauka yana karɓar GPX, don mafi arahansu gudu da nisa kaɗai suke nunawa.